Ƙarafan Baba a Shagon Walda

Jiya ina cikin keke a Bolari na hango dogayen ƙarafa biyu a gaban shagon walda. Shuɗin fentinsu, wanda tafin hannunmu ya cinye, shi ya sa na gane su. Su na dafa na sake koyon tafiya bayan ɓarin jikina ya shanye.

Na Baba ne, tsohon likitan gashin ƙashi da ya buɗe wa marasa lafiya irina ɗaki a gidansa na unguwar Madaki. Kullum ɗakin ƙamshin man zafi yake. Yakan riƙe ƙuguna ya ce, "'Yata, ɗaure cikinki tukuna, sannan ki taka."

Ina wurin ranar da ya ce wa babban ɗansa, wanda ya gaji aikin, "Kada ka rufe musu ɗakin nan."

"Wallahi ba zan rufe ba, Baba."

Da Baba ya rasu, ko sadakar arba'in ba a yi ba ɗan ya garƙame ɗakin da kwaɗo.

Na sauka na tambayi mai waldar. Ya ce, "Hajiya, ɗansa ne ya sayar mana, ƙyaure za mu yi da su."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haɗa marasa lafiyarsa da hannu irin nasa. Ɗan kuwa, har yau bakina ya kasa yi masa addu'a.