Komin da Lami Ta Kai Gidan Mairama

Gidan Kanya ƙauye ne a gefen hanyar Fakuwa idan an fito daga Kankiya. Mutanensa manoman gero da dawa ne, mafi yawansu Musulmi. A ƙarshen gari ta gabas akwai gidaje goma sha huɗu na Hausawa Kirista, da majami'arsu ta ginin ƙasa mai rufin kwano. Duk wanda aka haifa a ƙauyen cikin shekara arba'in da suka wuce, a wannan ɓangare ko wancan, da wuya a ce ba Lami Jaji ce ta yanke masa cibi ba.

Shekarunta sun kusa saba'in. A wurin kakarta ta koyi aikin ungozoma. Tana da wata 'yar kwalla da ba ta rabuwa da sabuwar reza da zare da sabulu, kuma in ta ga haihuwa ta gardama ba ta jan lokaci, sai ta sa a nemo babur a tafi asibiti. Ita kanta sau takwas ta haihu. Bakwai sun koma tun suna goye. Ɗaya ne ya tsaya, Dawuda, wanda ba ta kama sunansa saboda shi ne na fari.

A majami'ar Gidan Kanya akwai wata al'ada da ba a yi a sauran majami'un yankin. Ranar Kirsimeti, bayan waƙoƙi, matasa kan yi wasan haihuwar Yesu Almasihu, kuma jariri na gaske ake kwantarwa a komin dabbobi na gaske. Dokar guda ce: jaririn da ya zo ƙarshe kafin ranar, shi ake sawa.

Lami ce ta kawo wannan doka. Tun tana da ƙuruciya wani ya zo wa majami'ar da 'yar tsana ta roba daga Kano, fara mai gashin zinariya, aka yi shekara biyu ana wasan da ita a cikin kwali. A shekara ta uku Lami ta miƙe a taron mata.

"Wagga aba tana jin yunwa?" ta tambaya. "Tana kuka? In aka soke ta, jini zai fito?"

Aka yi dariya, aka ce a'a.

"To ba shi ba ne. Ku daina nuna wa yara ƙarya."

A imanin Kirista, Yesu Ɗan Allah ne da ya ɗauki jikin mutum, Maryamu ta haife shi, ya rayu kamar kowa, ya mutu domin zunubin mutane, sa'an nan ya tashi. Maƙwabtansu Musulmi suna girmama Annabi Isa, amma ba su yarda da wannan ba, kuma kowa ya san matsayin kowa. Ita Lami da idon ungozoma take kallon maganar. Takan ce wa matan zumunta, wanda ba ya da jiki ba ya iya mutuwa, wanda kuma bai mutu ba bai ɗauke wa kowa mutuwa ba. "Da daga sama ya tsaya yana ba mu umarni, da har yau muna nan inda muke. Sai ya biyo ta hanyar da duk muka biyo. Wata mace ta yanke mashi cibi, ta wanke shi. Jikin nan da aka wanke, shi aka gicciye. Can ceton yake."

Mijinta Jaji, wanda ya rasu shekara tara da suka wuce, shi ya sassaƙa komin daga icen maɗaci. Duk shekara awakin gidan ke cin dusa a cikinsa. Ana gobe Kirsimeti Lami ta wanke shi da toka, ta shanya, ta zuba harawa.

Shekara talatin da wani abu ke nan tana ɗaukar ɗan wata tana sawa a komin mijinta. Jininta bai taɓa shiga ba. Dawuda ya riga ya yi wayo kafin a fara al'adar. 'Yan'uwansa kuwa babu wanda ya dace da lokacin, ko ya jira shi.

Mairama, shugabar zumuntar mata, sa'ar Lami ce. Shekara guda aka kawo su ƙauyen aure. 'Ya'yan Mairama uku sun kwanta a komin, jikokinta biyu ma haka. Lami na iya faɗin shekarar kowanne ba tare da ta tsaya tunani ba. Ba su taɓa yin faɗa ba. Suna gaisawa, suna zama benci ɗaya, kuma duk matan sun san in Mairama ta ɗauko waƙa Lami ba ta amshi da ƙarfi.

Dawuda ya yi shekara goma sha ɗaya da aure kafin matarsa Saratu ta sami ciki. Ranar uku ga Disamba ta haifi namiji. Aka sa masa sunan kakansa, don haka Lami ba ta iya kiran sunan, sai ta ce Maigida. Ta bi matan majami'ar a zuci ɗaya bayan ɗaya, domin ita ke duba cikin kowa. Babu wadda ke kusa. Ta hau babur ta tafi kasuwar Kusada, ta sayo farin yadi, ta dawo ta yi masa kalmasa da hannunta.

Ta san da Rifkatu, autar Mairama, wadda ke aure a Malumfashi, ta kuma zo gida goyon cikin fari. Amma da ta taɓa cikin ta ce sai tsakiyar Janairu.

Ranar Alhamis, ana saura kwana huɗu Kirsimeti, hantsi bai gama dubawa ba Mairama ta shigo gidan Lami ko sallamar kirki babu.

"Lami, taso. Ɗiyar nan ta durƙusa."

"Wace ɗiyar?"

"Ɗiya nawa gare ni a gida?"

"Ai da saura. Ciwon mara ne kawai."

"Faya ta fashe. Ɗauko kwallarki."

Lami ta ɗauki kwalla. Matan da suka shiga ɗakin sun ce ba su ga wani bambanci a aikinta ba. Cibiya ta naɗe wuyan yaron, ta sa yatsa ta zare, ta juya shi ta murza bayansa har ya tsala kuka. Ta yanke cibi, ta wanke shi, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki. Namiji ne, ƙarami amma lafiyayye.

Mairama ta karɓe shi tana murmushi. "Kin ga, ranarki ya zo. Ɗanlami ne. Naki ne ai."

"Ina da nawa," Lami ta ce, tana ɗauraye hannu.

"Naki kuma ya tsufa. Kwana sha takwas, ai ya kusa riƙe fartanya."

Matan ɗakin suka yi dariya. Lami ta rufe kwallarta ta tafi, ko kunun da aka dama ba ta sha ba.

Ranar Lahadi bayan sujada aka zauna tsara bikin washegari. Mai bisharar majami'ar, Malam Iliya Nagoggo, ɗan ƙauyen ne mai shekara talatin da huɗu. Lami ce ta yanke masa cibi, kuma shi ma ya kwanta a komin. Da aka zo kan maganar jariri sai ya ce, bisa al'ada, ɗan Rifkatu ne.

Lami ta ce, "Malam, yaron nan baƙo ne. Ubanshi na Malumfashi. Can ne majami'arsu."

"Iya, wanda muke tunawa da shi ma ai a garin baƙunci aka haife shi."

Sa'an nan ta kawo abin da babu mai iya musa mata.

"To cibinshi bai faɗi ba. Bai cika wata tara ba ya zo, ga sanyi. Ni ce ungozoma, ban yarda a fito da shi ba. In wani abu ya same shi, wa za a tambaya?"

Wannan gaskiya ne. A Gidan Kanya ba a fita da jariri kafin suna sai ungozoma ta yarda, kuma Lami ta sha hana wasu a kan abin da bai kai wannan ba. Gaskiya ne kuma cewa shekara shida da suka wuce ta naɗe wata jaririya 'yar kwana biyar a bargo ta kawo ta majami'a da kanta. Mairama ta tuna mata.

"Waccan ƙatuwa ce," in ji Lami.

"Waccan ba ta tare wa jikanki hanya ba, shi ya sa."

"Mi kike nufi?"

"Abin da kika ji."

Dawuda na zaune a bencin maza, kansa a ƙasa. Malam Iliya ya bar su suka numfasa, sa'an nan ya ce, "Maganar Iya ta zauna. Yaro ba zai fita ba."

Lami ta gyara zama.

"Amma Iya, tun muna ajin yara ke kika koya mana abu guda. Kika ce mu ba mu iya hawa wurin Allah, shi ya sauko ya same mu. Tunda yaron nan ba ya iya zuwa, mu sai mu je. Gobe bayan waƙoƙi a ɗauki komi a kai gidan Iya Mairama, a yi wasan a can."

Dattawa suka ce ya yi daidai. Wani ya fara tafi, ya ga fuskar Lami ya bari.

Da yamma Saratu ta same ta a bakin turke tana goge komin da toka. "Iya, ki bar shi. Allah ya ba mu shi da rai, ai ya isa."

"Ke yarinya ce," Lami ta ce. "Baɗi war haka yana tafiya. Sau ɗaya ake zama jaririn ƙarshe."

Da safiyar Litinin Dawuda ya kawo baro zai ɗora komin. Ta hana shi. Ta naɗa gammo, ya taya ta ɗorawa, ta bi ta tsakiyar gari da shi a ka, jama'ar majami'a na biye da ita da ganga da waƙa. Daga gidanta zuwa na Mairama ba nisa, amma sau biyu ta tsaya ta huta, ba ta kuma bari kowa ya karɓe ta ba.

An share tsakar gidan Mairama, an shimfiɗa tabarmi. Matan maƙwabta Musulmi da suka shigo barka suka tsaya daga bakin zaure suna kallo. Lami ta ajiye komin daga cikin ƙofar ɗakin mai jego, inda ɗumin wuta ke kaiwa, aka ɗage labule don na waje su gani. Farin yadin yana cikin kwallarta. Mairama ta hango shi.

"Kawo wannan mu shimfiɗa mashi mana."

"Yana da mai shi."

Sai aka shimfiɗa tsohon zanen Mairama a kan harawar. Lami ta karɓi yaron daga hannun Rifkatu, ta duba cibin, ta gyara ƙyallen da ke kai, ta tallafi ƙeyarsa ta kwantar. Yana jin harawa ya fara kuka. 'Yan wasan da suka yi shigar makiyaya suka rikice, amma Lami ta ce su ci gaba, haka ake so.

Wa'azin Malam Iliya bai yi tsawo ba. Ya ce wa jama'a su dubi yaron, ko kansa ba ya iya ɗagawa, in ba a ba shi nono ba zai mutu. Ya ce haka Mai Ceto ya yarda ya zama, ya sa kansa a hannun mutane masu zunubi, domin ba daga nesa ya cece su ba, daga cikinsu ne. Lami na tsugune gefen komin, hannunta ɗaya a ƙirjin jaririn har ya yi shiru. Idonta kuwa yana can bayan jama'a, inda Saratu ke tsaye da goyo, ba a ganin komai na Maigida sai 'yar hularsa.

Mairama ta yanka kaji huɗu ranar. Lami ta ci loma biyu ta ce ta ƙoshi. Komin ma bai kwana can ba.

Da aka tambaye ta daga baya ko don jikanta ta hana fita da yaron, ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce cibin bai faɗi ba, wannan gaskiya ne, amma da jikan wata ne ke jira da ta naɗe shi a bargo ta kawo. Ta ce ta faɗa wa Malam haka, ta kuma faɗa wa Allah. "Na sa shi da hannuna, ban yi murna ba. Ban yi ba har yanzu. In don masu farar zuciya Almasihu ya zo, to ban cikin lissafi. Amma ni na san irin hannuwan da ke karɓar haihuwa, ga nawa nan."

Ɗan Rifkatu ya koma Malumfashi bayan arba'in. Lami ce ta yi masa gashin cibi safe da yamma har ya warke. Farin yadin na nan a ƙasan adakarta, a ninke. Maigida ya fara rarrafe, wani lokaci yakan kama bakin komin ya miƙe yana leƙen awaki, Lami ta ɗauke shi ta ce ba wurinsa ba ne.

A daminar bana matar ɗan Mairama na biyu ta zo Lami ta duba ta. Ta shafa cikin, ta ƙirga a yatsu, ta ce tsakiyar Disamba. Da matar ta tafi, ta kira Saratu ɗaki ta tambaye ta ko akwai labari. Saratu ta ce babu tukuna.