Yadda na ci amanar mai lamba arba'in da ɗaya

Ba zan faɗi sunana ba, don mahaifiyata tana raye kuma kunyar da ta sha a kaina ta isa. Ni 'yar cikin garin Bauchi ce, mahaifina malamin makaranta ne har ya rasu. Na taso shiru-shiru, mai son zama bakin taga idan hadari ya haɗo ta bayan duwatsu, ina rubuta 'yan waƙoƙi a bayan littafin makaranta. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Na fara da wannan ne don ku 'yan'uwana matasa ku sani, ba sai mutum ya taso da mugun hali yake zama abin da na zama ba.

Da na gama jami'a da hidimar ƙasa, sai na samu aiki wajen wata malama masaniyar halayyar ɗan'adam, wadda kowa yake ce wa Dakta. Ofishinta ɗaki biyu ne a GRA, a bayan wani gida mai itatuwan mangwaro. Bincikenta a kan masu shan giya ne, waɗanda shan ya fara cinye musu lafiya da iyali. Takan ce a garinmu babu magidancin da zai shiga asibiti da rana tsaka ya ce wa likita yana sha, amma wataƙila ya iya faɗa wa wayarsa. Don haka ta tsara wata manhaja. Kullum bayan la'asar, lokacin da sha'awar ta fi taso wa mai sha, sai saƙo ya shiga wayar mutum yana tambayarsa ko ya sha jiya, kwalba nawa, kuma yaya zuciyarsa take yau. Idan ya amsa, sai manhajar ta ba shi shawara, ko ya canza hanyar komawa gida, ko ya jinkirta kaɗan har sha'awar ta lafa, ko ya nemi wanda zai zauna da shi. Abin da Dakta take son sani shi ne ko wannan zai sa mutane su rage.

Aikina shi ne karanta dogayen amsoshin da na'ura ba za ta gane ba. Ba na ganin sunan kowa, ba na ganin lambar wayar kowa. An bai wa kowane mutum lambar da ke tsaya masa a madadin suna, takardar da ta haɗa waɗannan lambobin da sunaye da lambobin waya kuwa tana kulle a durowar Dakta. Ranar da na fara aiki ta sa na sa hannu a kan alkawari, ta ce mini mutanen nan mutuncinsu suka ba mu ajiya.

A cikinsu akwai mai lamba arba'in da ɗaya. Wasu kalma biyu suke rubutowa, shi kuwa sai ya zauna ya zuba abin da ke ransa. Ya ce tun rasuwar ƙaninsa ya fara, shekara shida ke nan, ko matarsa ba ta sani ba. Wata rana ya rubuto cewa babur ɗinsa ya so ya karkata wajen masu sayar da giya a barikin Shadawanka, da ƙyar ya riƙe shi har gida. Wata rana kuma ya ce ya zauna ya ci tuwo da 'ya'yansa, ya ga ashe ƙaramar ta yi famfara bai sani ba. Na riƙa jiran saƙonsa kamar mai jiran ci gaban labari. Ina sanya masa fuska a raina, yau dogo, gobe mai furfura. Ya kai wata bakwai bai sha ba, ni kuma ina murna kamar ni na yi.

Sai Dakta ta tafi taro a wani gari, manhajar kuma ta tsaya cak. Ta kira ni hankalinta a tashe, ta ce kada mutanen nan su wuni ba saƙo, don akwai wanda saƙon ne kawai yake riƙe da shi. Ta faɗa mini inda mabuɗin durowar yake, ta ce in tura da hannu daga wayar ofis, in gama in mayar. Na tura wa kowa. Da na zo kan arba'in da ɗaya, sai na ce bari dai in adana lambarsa a tawa wayar, in ga hotonsa sau ɗaya, in goge. Hoton ya fito. Wani Alhaji ne mai sayar da atamfa a Kasuwar Muda Lawal, kuma shi yake jan 'yan layinsu sallar azahar. Na san rumfarsa, mun taɓa sayayya a wajensa da mahaifiyata. Ban goge lambar ba. Kafin in rufe durowar ma na ɗauki hoton takardar gaba ɗaya, ban san me zan yi da shi ba.

Bayan mako biyu na je rumfarsa. Wallahi a ranar ba abin da na je nema sai in gan shi. Ya tarbe ni da wasa, yana cewa 'yan boko ba sa sayen kaya sai sun sa an sauke rabin shago. Ina ta dariya, sai bakina ya kubce.

"Alhaji, yaya babur? Yana dai jin magana yanzu?"

Nan take fuskarsa ta canza. Ya dubi maƙwabcinsa, ya dube ni. Bai tambaye ni komai ba. Ya jawo turmin da na fi daɗewa ina shafawa, ya naɗe, ya miƙo mini, ya ce in je kawai, kyauta ce. Da na ajiye turmin nan na ba shi haƙuri, da ba ku karanta wannan ba. Na karɓa. A cikin Keke ina ta gaya wa kaina ai ban roƙa ba.

Na koma bayan wata guda, ya ba ni leshi. Karo na uku ni na faɗi abin da nake so. Daga kaya abin ya koma kuɗi, daga zuwa rumfa ya koma saƙo ta wani layin da na saya don wannan kawai. Sai na buɗe hoton takardar nan na zaɓi wasu mutum huɗu, cikinsu har da wata ma'aikaciyar jinya. Da safe ina ofis ina karanta kukan mutane, da yamma ina tsoratar da su da abin da na karanta. A nan na ga amsoshin arba'in da ɗaya sun gajarce. Wata rana ya rubuto kwalba biyu. Washegari huɗu. Daga nan ya daina amsawa. Dakta ta tsaya a bayana tana duban allon kwamfuta, ta ce ita mutumin nan ne ya fi ba ta ƙwarin gwiwa, ko me ya same shi. Na ce mata Allah kaɗai ya sani.

Ranar da na rubuta masa cewa zan tura saƙonninsa ga 'yan layinsu idan bai biya ba, ranar ya je gida ya faɗa wa matarsa komai da bakinsa. Washegari suka zo ofis tare. Ina zaune suka shigo. Dakta ba ta ɗaga murya ba. Ta saurare shi har ya gama, ta juyo ta tambaye ni mutum nawa. Na ce biyar. Ta zauna a kujera ta rufe fuskarta da gyale.

Da aka shigar da ƙarata, sauran huɗun sun ƙi zuwa kotu, kuma ban ga laifinsu ba. Alhaji kaɗai ya tsaya. An gaya masa idan ya ba da shaida kowa zai ji, ya ce ya sani, amma idan bai tsaya ba yarinyar nan za ta ci gaba da wasu. Haka ya tsaya gaban alƙali da jama'a ya faɗi abin da ya ɓoye shekara shida. Kotu ba ta taɓa shi ba, amma kafin la'asar labari ya zaga kasuwa, kuma bai sake shiga gaba a sallah ba. Hukumar da ke sa ido kan bincike ta dakatar da aikin Dakta. Dakta da kanta ta kira kowane mutum ta gaya masa an ga sunansa. Aikin shekara uku ya tafi haka nan. Ni kuma aka yanke mini shekara biyu.

A gidan yari wata dattijuwa da aka kawo kan satar akuya ta tambaye ni, ke mai digiri me kika ɗauka. Da na ba ta labari sai ta yi tsaki, ta ce gara ita, don akuya ana iya mayar wa mai ita. Sauran suka yi dariya. Ni ban yi ba. Ban rubuta waƙa ko ɗaya a can ba, duk abin da na fara sai in ji maganar mutumin nan ce nake sata.

Da na fito, na roƙi kawuna ya raka ni kasuwa. Rumfar ta ragu, rabin katakon babu kaya. Alhaji ya rame, idanunsa sun yi ja, kallo ɗaya na san bai daina ba. Na durƙusa na ce Baba ka yafe mini. Ya ci gaba da naɗe wani yadi da ba ya buƙatar naɗi. Sai kawuna ya ce ya ji Dakta ta sake fara irin aikin a wani wuri da tsaro mai ƙarfi, ko Alhaji zai so a haɗa su.

"Na yafe miki, 'yar nan, tsakanina da Allah," in ji shi. "Amma duk garin nan wayar ce kaɗai nake faɗa wa gaskiya. Yanzu ko ita ba na faɗa wa. Ku gai da gida."

Na tuba, kuma ina roƙon Allah ya karɓa. Yanzu ɗinki nake yi a gida, ba wanda zai sake ba ni mabuɗi, kuma daidai ne. Ku da za ku yi aiki a asibiti, ko banki, ko makaranta, ko shagon gyaran waya, za a wayi gari sirrin wani yana hannunku, ba kowa a ɗakin, zuciya ta ce kallo ɗaya ne kawai. Kada ku kalla. Idan kun riga kun kalla, ku je ku faɗa a ranar, tun abin yana kunya bai zama laifi ba. Ni na gama shekaruna biyu na dawo ɗakin mahaifiyata. Shi kuwa har yau, idan aka idar da la'asar, shi kaɗai yake fama, kuma ni na bar shi haka.