Sule Mai Amalanke da San Aro

Garinmu Tudun Aduwa bisa kan jigawa yake, kamar kayan da aka aza aka manta. An ce kakanninmu sun hau ne don su riƙa hango mahara. Maharan sun daɗe da mutuwa, mu aka bari da hawa da sauka. Mota ba ta zo mana. In direba ya gwada, rairayi ya riƙe masa taya, mu fito kallo. Don haka duk macen da ke son kasuwa, ko awon ciki, ko gaisuwar mutuwa a wani gari, Sule Mai Amalanke take nema.

Sule taubashina ne, ɗan gwaggota, saboda haka abin da na ga dama nake faɗa masa. An sa shi lakwal, makarantar boko, ya yi wata biyu ya gudo, wai benci na cizo. Ya je ci-rani sau ɗaya, ya dawo da tari da rediyon da ba ta magana. Daga nan ya kama amalanke. Shekara talatin da 'yan kai aikinsa ke nan: da sassafe ya gangara da mu Tchaké ko Mayahi, kafin magariba ya hawo da mu. Bai taɓa kwanar da matar wani a hanya ba, shi ya sa mazaje suka sakar masa mu.

Ga yadda muke zama: mu ba shi baya, ƙafafu na reto, mayafi bisa kai saboda rana, baki na aiki. Ba mai duban gaba. Gaba ta Sule ce da san da ke jan amalanken, Ɗan Ja.

Bara bayan girbi Ɗan Ja ya taka ƙaya, ƙafa ta kumbura. Ranar kasuwar Tchaké sai Sule ya ari sa wurin maƙwabcinsa Moctar, wanda bai fi sati biyu da sayo shi hannun makiyayan arewa ba. Mu bakwai muka hau, ni da daddawata, Hafsa matar jikana da ƙuli-ƙulinta. Muka kama zancen wani biki da miya ta ƙare tun kafin dangin ango su zauna. Na ji tafiyar ta yi tsawo, na ce san aro ne, rago.

Rana ta take, amalanke ya tsaya. Ga kukan raƙuma, ga hayaniyar maza.

"To, ku sauka," in ji Sule. "Yau ta wajen kasuwar dabbobi muka shigo. La'asar ku same ni gindin dogon yaro."

Na ɗaga mayafi. Ba rumfa ko ɗaya. Rijiya ce a tsakiyar daji, makiyaya na jan guga, san aro ya tsoma baki a kwamin da ya saba sha. Gidansu ya kawo mu.

"Sule, wane dogon yaron?"

Ya ɗaga sanda ya nuna. "Wancan mana."

Raƙumi ya nuna mini.

Na zagaya gabansa, na ture malfar nan da kullum yake jawowa har hanci. Idanun fari fat, kamar an ɗiga nono. Na kaɗa hannu, bai ƙifta ba.

"Tun yaushe?"

Ya ce, "Damina uku."

Hafsa ta zauna daɓas a rairayi. "Baba Sule, ranar da nake naƙuda, da ka gangara da ni a guje ta gefen ramin nan da ake haƙar laka…"

"Ɗan Ja ya san ramin, 'yata. Ni a gindin tudu kawai nake aiki. In na taɓa shi hagu, Tchaké, dama, Mayahi. Saura nasa ne."

"Mu fa, yaya kake gane mu?"

"Hafsa awarwaronta. Ke, Tanna, warin daddawa na riga ki sallama." Sai muryarsa ta sauka. "Don zumunci ki rufa. In aka karɓe igiyar nan me zan zama? Tsoho a bakin zaure, ana miƙo masa fura."

"Mata bakwai ka kawo daji, kake neman a rufa?"

Wani makiyayi ya nuna mana hanya. Na hau gaba kusa da shi, ina faɗa yana ja. Ana kiran magariba muka hau tudu, ba a sayi ko ƙwayar daddawa ba.

Washegari aka taru ƙofar maigari. Jikana, mijin Hafsa, ya ce a karɓe igiyar. Moctar ya ce shi zai iya aikin. Maigari ya ce, "Sule, kawo igiyar." Sule ya miƙe, ya miƙa ta wajen da babu kowa, wajen bango. Ya tsaya haka, hannu a miƙe.

Ban san lokacin da na kutsa cikin maza ba.

"Ranka ya daɗe, shekara uku makaho na kai matanku yana maido su, ba wadda ta yi ko targaɗe. Ku masu ido bibbiyu kullum kuna gaisawa da shi. Wa ya gane?" Na juya ga maigari. "Ku bar masa igiyarsa. Ni zan zauna gaba."

"Iya Tanna, ke ma ai idon naki…"

"Ina hango furfurar da kake ɓoyewa cikin rawani, Maigari."

Aka bar masa, da sharaɗin ya ga likita. Da likitocin ido suka zo Tasawa muka kai shi, suka ce yanar ido ce, suka cire ta ido guda. Ranar da aka kwance ƙyalle ya daɗe yana kallona.

"Tanna, haka kika koma?"

Na ce su mayar masa da ita.

Igiya na hannunsa har yau. Kullum sai ya ce in koma baya wurin mata, ya warke. Ba inda za ni. Shekara talatin ina bin hanyar Tchaké, sai yanzu na san kamanninta ta gaba, kuma ba na yarda da mai nuna raƙumi ya ce itace ne.