Kyanwar Baba Mai Guga

Shekara talatin da wani abu Baba mai guga ya yi yana wanki a shago ɗaya, ƙarƙashin wani bene. Ko daga nesa ya hango tabo zai gaya maka na mai ne ko na tawada. Ga shi da taurin kai: in ya ce riga ta fita, to ta fita.

Tun da matarsa ta rasu, abokiyar hirarsa ɗaya ce, wata kyanwa mai ruwan toka da 'yan layin suka sa wa suna Manaja, don ba ta aikin fari balle na baƙi, sai dai ta hau tebur tana sa ido. Shekararta goma sha shida a shagon.

Da tsufa ya kama ta, sai ta fara sakin fitsari har a kan kayan mutane, masu kawo wanki suka fara janyewa. Baba bai damu da su ba. Ya shimfiɗa mata tsohon farin zanen gado a ƙarƙashin tebur, kullum ya wanke. A nan ya lura fitsarin da a da yake rawaya mai zarni ya koma fari tas, ba ya barin ko alama, ga ta da shan ruwa ba ji ba gani. Murna ta kama shi. A sana'arsa, in ruwan ɗauraya ya fito garau, datti ya ƙare. Wata biyar yana gaya wa kowa cikin Manaja ya wanku.

Sai da ta rame ta bar cin abinci sannan 'yarsa ta tilasta masa ya kai ta wurin likitan dabbobi.

"Baba, ƙodarta ce ta gaji," in ji likita. "Ba ta tace komai. Ruwa wucewa kawai yake yi, dattin yana nan cikin jini. Da ka zo da wuri, da mun ɗan tare abin."

"Yanzu fa, likita?"

"Sai lallaɓawa. Ranar da fitsarin ya tsaya gaba ɗaya, ka dawo da ita mu yi mata allura ta huta."

Maganar nan ta ci shi ƙwarai. Kunya ta hana shi gaya wa kowa, har 'yarsa. Ya koyi ɗura wa kyanwar ruwa da sirinji, rabi ya shiga rabi ya bi hannunsa. Guga ya koma sai ya ga dama.

Bayan mako uku 'yar ta leƙo da rana, ta durƙusa ta shafa zanen.

"Baba, a bushe yake! Tun yaushe?"

"Tun shekaranjiya."

"Alhamdu lillahi, ka ga magani ya karɓe ta."

Baba ya miƙe. Ya kashe dutsen guga, ya jawo kwali ya shimfiɗa tawul mafi laushi a ciki, ya kwantar da Manaja a kai.

"Tsaya mini a shago," ya ce. "Ba zan daɗe ba."