Jirgin da Ya Tafi da Ilu

A ƙauyenmu, can kudu da Hajj Abdalla a ƙasar Sudan, in aka yi isha'i aka suɗe kwanon tuwo, wurin Habboba Ige muke tarewa. Ita ta haifi babana. Takan zauna bakin rakuba, wato rumfar kara, tana tura karan dawa cikin wuta da ƙafa, mu kuwa mu jeru kan tabarma muna ture-ture. Da ni take fara tsokana: "Ina maigidan nau, rago na Ige, wanda ko sawun giwa bai taɓa kawo man ba?" Ni ma ba na raga mata, sai in ce na sake ta, tsufa ya yi mata yawa.

Tatsuniyoyinta da ƙa'ida suke. Ta ce ga ta nan ga ta nanku, mu amsa, in ta gama ta rufe da ƙurunƙus. Da rana kuwa ko kukan jini za ka yi ba za ta yi maka ba, wai mai tatsuniyar rana ɓata yake a daji. Guda ɗaya ce ba buɗi ba rufi, ta jirgin da ya tafi da Ilu. Ita wannan haka kawai take faɗo mata, har da rana tsaka, in jirgin feshi ya ratsa kan gonakin auduga. Mu da ƙuruciya mun ɗauka Ilu wani ɗan'uwan Gizo ne.

Ga yadda take. Wata budurwa da ƙanenta Ilu sun taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa cikin ayari, za su hajji. Sun wuce Fashir, ran nan sai ga wani abu daga sama yana tari, ya dira a fako kusa da zangonsu.

"Hukahukai biyu gare shi, ɗaya bisa ɗaya, an ɗaɗɗaure su da waya," in ji Habboba. "Ga wani faifai an zana mai, shuɗi da hwari da ja. Kuma ku ji ikon Allah, ƙahwa tai ta ukku tana ɗaure ga haƙarƙari nai, awa matahiyi da takalmin ajiya."

Bature ɗaya ya fito yana nuna alamar ruwa. Ilu, da yake ba ya jin tsoron komai, ya kawo masa salka, aka shayar da jirgin. Baturen ya yi ta nuna gabas yana tambayar wani abu da hannu, Ilu yana gyaɗa kai. Sai maza uku suka riƙe hannun juna suka fizgi katakon da ke hancin jirgin, ya yi wata ƙara, mata suka watse. Da budurwar ta waiwayo, Ilu ta hango yana hawa fiffiken ƙasa. Jirgin ya juya mata baya, ya yi gudu, ya tashi.

Madugu ya ce shi ya leƙa, ramin zama guda ne a jirgin, na matuƙi. Yaron bisa fiffike ya tafi, iska za ta yar da shi. Suka jira har ruwansu ya kusa ƙarewa, suka ci gaba.

Nan take tsayawa kullum. Ta kalli wuta ta ce, "To ina yaz zamna?" Ba mu take tambaya ba.

Na fara zama saurayi na yi mata dariya wata rana, na ce jirgi mai ƙafa a haƙarƙari sai a garin Gizo. Baba ya ja ni bayan ɗaki. "Kai, kama bakinka. Ilu kawuna ne, budurwar kuwa ga ta nan zaune." Ashe shekara da shekaru tsohuwar nan, duk jirgin da ya wuce, ƙanenta take gani yana faɗowa.

Cikin shekarun alif ɗari tara da saba'in na sami aikin ɗura magani a filin jiragen feshi kusa da Wad Madani. Akwai wani tsohon bakanike a wurin, Usta Babikir, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana wanke jiragen soja, yana da hotunansu cike da gwangwanin biskit. Na yi ta sayo masa shayi har ya yarda ya buɗe. Na ce fukafukai biyu, da faifai mai launi uku. Ya zaro hoto. Rami guda. Ya zaro wani, shi ma guda. Na ƙudurta in haka ne zan mutu da maganar, Habboba ba za ta ji ba.

Har na miƙe, sai na ce bari dai in faɗi abin da na taɓa yi wa dariya. "Wai kuma da ƙafa ɗaure a gefensa."

"Ya zol, haba malam! Me ya hana ka faɗa tun farko?" Ya tona can ƙasan gwangwanin. "Masu ratsa hamada ne ke ɗaure ƙafar ajiya, saboda ƙaya da duwatsu. Duba nan." Ga ƙafar a haƙarƙari. Ga ramin matuƙi, bayansa kuma ga wani. "Na bakanike ne, har da ɗamara. In an rufe shi da tamfol, wanda bai sani ba sai ya rantse babu."

Ya ara mini hoton, ran Juma'a na hau lori zuwa gida. Na tarar da ita a rakuba da hantsi, idonta ya yi rauni. Ta kai hoton har bakin hanci, ta daɗe.

"Shi na. Ga ƙahwar."

Na kama yatsanta na ɗora a kan rami na biyu.

"Wanga hwa?"

"Mazauni ne, Habboba. Da ɗamarar ɗaure mutum."

Can sai hawaye, da dariya tare. "Ashe zamne yat tahi. Ja'irin yaro, mu muna taka ƙaya shi yana zamne!" Na ce ban san inda aka sauke shi ba. Ta ce, "Inda yas sabka duk akwai mutane, kuma da Allah. Ni dai hwaɗuwar ta ka hana man barci." Sannan ta dungure mini kai. "Yau dai ka yi cefane, maigida. Na hwasa kai ka gun alƙali."

Na daɗe ina tunanin wannan rana. Ban dawo mata da Ilu ba, ban gano kabarinsa ko zuriyarsa ba, har yau kuwa in na ga dattijo mai irin goshinmu a kasuwar Rusairis sai na ƙara kallo. Wurin zama kawai na samo masa, ashe shi take nema tun tana budurwa.

Da yamma ƙananan gidan suka taru bakin wuta, ta ba su labarin tun daga Fashir. Da ta zo inda takan tsaya, ba ta tsaya ba. Ta ce Ilu ya shiga mazauninsa, Bature ya ɗaure masa ɗamara, suka tashi. Ta tura sauran karan cikin wuta, ta ce, "Ƙurunƙus. Ku tashi ku kwanta."