Mai Askin Da Ya Ajiye Gemu

Shekara arba'in da ɗaya Orval Sizemore ya yi yana aski a shago ɗaya, a wani ƙaramin gari da ya lafe a gindin duwatsun Tennessee a Amurka. Kujera ɗaya, madubi ɗaya, da rediyon da ba ya kama komai sai wa'azi da farashin shanu. Ya aske kakanni, ya aske jikokinsu, kuma idan namiji ya rasu shi ake kira ya gyara masa fuska kafin a sa shi a akwati. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'ya'ya sun watse birane. Ƙanwarsa Maxine, tsohuwar malamar firamare, ita kaɗai ta rage masa a garin.

Ra'ayinsa ba ɓoyayye ba ne, domin duk wanda ya hau kujerar nan sai ya sha shi tare da kumfar sabulu. Gwamnati ta gina titi, ta tsare iyaka, amma ta fita daga tsakanin mutum da likitansa. Idan ciwo ya kayar da wani, ai akwai coci, akwai maƙwabta: a soya kifi a sayar, a ajiye kwalbar taimako a kan teburin shago da hoton majinyacin manne a jikinta. Har zuciyarsa yake faɗa, kuma ba a taɓa suyar kifi babu shi a bakin kasko ba. Maxine kuwa cewa take ƙasar da ta iya kai mutum duniyar wata ba ta da bakin barin mai ciwon daji ya dogara da soyayyen kifi. A kan wannan gardama suke cin abincin rana kowace Lahadi, ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Inshorar lafiya ba shi da ita. Ta tafi tare da aikin matarsa, bai sake yanka ba. Abin da yake jira shi ne Medicare, katin asibiti da gwamnati ke ba tsofaffi, wanda ake samu a watan da mutum ya cika sittin da biyar. Nasa watan Nuwamba ne.

Wata safiya cikin Mayu, yana aske haɓarsa, reza ta hau kan wani abu a ƙarƙashin muƙamuƙi. Ɗan ƙulli ne kamar ƙwayar wake, mai tauri, ba ya ciwo. Hannun mai aski ya san wuya. Sau uku ya taɓa jin irinsa a wuyan wasu ya ce su je a duba, biyu daga cikinsu shi ya yi musu askin ƙarshe.

Sai ya ajiye gemu.

"Orval, wace bazawara ce ta ce maka tana son furfura?" in ji Hoyt mai gyaran tarakta, yana kishingiɗe a kujera.

"Matarka ce. Ta ce ta gaji da kallon wannan fuskar taka."

Aka yi dariya, har da shi. Amma da shago ya watse sai yatsunsa su kutsa cikin gemun da kansu. Masara ta yi tsawo a gonaki, ta yi goyo, ta bushe, ƙullin ya tashi daga wake ya koma goro. Muryarsa ta fara dishewa. Kullum yana tsaye gaban madubi, kullum yana kauce wa idon mutumin da ke ciki. Tsoro biyu ke cinsa, bai san wanne ya fi ba: ramin da ke kusa da kabarin matarsa, ko ranar da zai ga hotonsa a jikin kwalba, yaran da ya yi wa askin farko suna jefa masa canji.

Wata Lahadi cikin Satumba lomar burodin masara ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa. Maxine ta taso ta buga masa baya, hannunta ya zame zuwa wuyansa, ya tsaya cak.

"Yaya, tun yaushe?"

"Zauna ki ci abincinki."

"Tun yaushe na ce."

"Nuwamba ta kusa. Ina karɓar katin zan je."

"Shi abin ka sanar da shi ya jira Nuwamba?"

Ta ce akwai ƙaramin asibiti a hedikwatar gunduma da gwamnati ke tallafa wa, kowa na biyan daidai ƙarfinsa.

"Ba na cin sadakar gwamnati."

"Katin da kake jira fa, fasto ne zai ba ka?"

"Wannan haƙƙina ne. Shekara arba'in ana yankarsa daga gumina."

"To wancan ma daga nawa gumin aka yanka. Ka ɗauka ni na ba ka, sarkin taurin kai."

Ya ture farantinsa gefe. Da ya yi magana, da ƙyar ta ji shi.

"In suka ce ciwon daji ne, ba a nan za su tsaya ba, Maxine. Sai babban asibiti a birni. Shago zai tafi, gida ya bi shi."

"Tsoro kake ji."

"Ina ji."

Ranar Talata ita ta ja motar. A ɗakin jira akwai ƙeyoyi huɗu da ya saba askewa. Suka gaisa da kai, ba wanda ya tambayi wani abin da ya kawo shi. Likitar matashiya ce, ba ta kai ƙaramar 'yarsa ba, yatsunta da sanyi.

"Baba, yaushe ka fara jin sa?"

"Sati biyu ke nan."

Maxine ta juyo ta dube shi.

"Tun Mayu," ya ce.

Likitar ta bi ɗaya gefen wuyan, ta gangara zuwa ƙashin kafaɗa, ta danna, ta sake dannawa. Ta ce ranar Alhamis zai je birni a ɗauki hoto, a ɗebi ɗan nama a gwada.

"'Yata, ba zai iya kaiwa Nuwamba ba? Sati shida ne kawai."

Ta duba takardarsa, ta dubi wuyan, sannan ta ɗauki waya.

"Bari in ji ko za su karɓe ka gobe."