Fulogaina biyu a aljihun Malam Bawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Bawa bakanike ya rasu.

Yau da safe ina bakin gulbi ina kwarfe ruwa a jirgina, sai ga ƙanensa Sani a kan babur, idanu jawur. Ko sallama bai yi ba. Ya ce, "Garba, Yaya ya tahi." Jiya da marece ne, Malam yana dawowa daga Birnin Kebbi, mota ta buge shi a kan babur. An kai shi asibiti, kafin gari ya waye rai ya yi halinsa.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Ga wanda bai san shi ba, shi ke gyara mana injin jirgi a nan Argungu. Ni kuma aikina fito, ina ƙetarar da mutanen tungayen da ke hayin gulbi zuwa gari, in mai da su.

Kowa Kyaftin ne a wurinsa, ko da jirginka duk faci ne. In ka kira shi ka ce inji ya ƙi tashi, sai ya ce, "Kyaftin, ka dai duba tanki tukuna, kak ka sa in baro abincina a banza." Sau tari kuwa man ne ya ƙare, ko an sayar maka da mai ruwa-ruwa. Sai ya zo, ya ɗiga a tafin hannu, ya shinshina, ya yi ta yi maka dariya.

Shi ya koya mini in riƙa waiwayen ɗan ruwan nan da inji ke tsartarwa ta baya. Wai inji in bai fitsari, ba shi da lafiya, yashi ya toshe shi, ka kashe kafin ya ƙone.

Akwai ranar da ciyawa ta naɗe mini farfela, ga mai naƙuda a cikin jirgi. Malam yana bakin ruwa da fararen kayansa na Jumu'a. Haka ya faɗo ruwa har wuya ya warware ta.

Amma yana da hali guda da duk muke ƙorafi a kai. In bai yarda da injinka ba, sai ya kwance fulogi ya jefa aljihu ya yi tafiyarsa. Fulogi ba wuyar samu gare shi ba, ko'ina ana sayarwa. To amma wa zai je ya saya bayan kowa ya ga Malam Bawa ya cire?

Injina ya kwana biyu yana mini wani iskanci. Ja ɗaya ya tashi, ya yi ta gudu lafiya lau. Sai ya yi zafi, ga lodi, mun kai tsakiya, ya yi tari ya mutu. In ya huce ya sake tashi kamar ba shi ba.

Malam ya wanke kafireta, ya canja tiyon mai, ya fitar da yashin famfo. Munka gwada shi cikin duron ruwa, inji sai waƙa yake. Na ce alhamdulillahi, an gama.

Ya ce, "Duro ba gulbi ba ne."

Shekaranjiya ke nan. Ya sa munka loda buhunan yashi a madadin mutane, munka shiga. Kun dai ga yadda ruwa ya cika bana. Muna kai tsakiya inji ya mutu mus. Ruwa ya ja mu ya ja mu, sai can ƙasa munka samu kan ciyawa munka riƙe.

Da munka fito ya ɗauko sifana zai kwance fulogaina. Na ce, "Haba Malam, gobe kasuwa fa, mutane na jira na."

Ya ce, "Kasuwa ba ta ƙarewa. Ka ɗauko mutane ya mutu maka cikin wanga ruwa, mi za ka ce ma Allah? Innata ma wanga jirgi take shiga."

Mahaifiyarsa ke nan, tsohuwa, tana zaune a tungarsu can hayi.

Ya ce yana zargin kwayil, mai ba fulogi wuta, in ya yi zafi yake yanke ta, amma bai rantse ba. Zai je Birnin Kebbi ya nemo, ya ɗaura, mu sake komawa da yashi. Ina ta gunaguni, ya dafa kafaɗata ya ce, "Kumbura dai, Kyaftin. Ba ka fashewa."

Rabuwarmu ke nan.

Ɗazu da Sani ya gama faɗa mini, sai ya miƙo leda. Sabon kwayil cikin kwalinsa, da fulogaina biyu naɗe cikin tsumma. A aljihun rigar Malam aka same su.

Ya ce an sanar da Inna ta waya, ta ce don Allah kar a ɗauki ɗanta sai ta zo ta yi masa addu'a. Jana'iza bayan Azahar. Jirgin inji ɗayan da ke wanga mashigi ya tafi kwasar shinkafa wajen Zauro. Nawa kaɗai ya rage.

Sani ya ce, "Ka iya ɗaurawa, ɗaura mu tahi."

Na iya, ba ƙarya. Amma wanda ya san injin nan ciki da bai ya ce bai tabbata ba, kuma ba a gwada ba. Na ce ba ni sa tsohuwa a kansa.

Sani ya dube ni ya ce, "Don injinka fa yat tahi Birnin Kebbi."

Gaskiya ya faɗa, kuma zafin rashi ne. Amma maganar ta soke ni.

Na zauna da ledar nan a cinya ina ta saƙa da warwara. In na ɗaura, mai yiwuwa mu je mu dawo lafiya tun da hantsi. In kuma ba kwayil ba ne fa? Tsohuwa ce, ko tsayuwa sai da sanda. In ruwan nan ya ja mu da ita, ina zan sa kaina?

Na sauke injin, na jingine shi a gindin itace. Da filafili za mu je, tuƙin hannu. Masunta biyu sun ce za su kama mini. Da ƙarfin ruwan nan sai mun haura sama sosai kafin mu yanka, zuwa da dawowa ban san ko za mu riski Azahar ba. Sani ya tafi roƙon liman ko za a jinkirta zuwa La'asar. Ya tafi bai kalle ni ba.

Don Allah duk wanda ke kusa da Argungu yana da jirgi mai lafiyayyen inji, ya biyo mu hayi, ko a tsakiya ne mu juye Inna cikinsa.

Ga masuntan nan sun iso, zan aje waya.

Ya Allah Ka jiƙan Malam Bawa, Ka yafe masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka dubi ƙananan 'ya'yan da ya bari. Duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku haɗa da mu, Allah Ya ƙetarar da mu lafiya, Ya sa Inna ta iske ɗanta ba a ɗauke shi ba.